Gida Biyu, Ƙafa Ɗaya: Yadda Aka Tantance Diyyar Nakasar Wani Lebura a Sakkwato

Kafin hatsarin

Shekararsa 41 lokacin da abin ya same shi. Lebura ne a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Sakkwato ta yamma. Ya shekara 9 yana saɓar buhu mai kilo 50 daga sito, ya taka katako ya hau da shi cikin tirela. Idan an haɗa albashi da kuɗin mota da na abinci, naira 80,000 yake ɗauka a wata, kuma shekara 3 ke nan ta banki ake biyan sa. Matansa biyu. Uwargida na zaune a gidan gado a cikin gari wajen Ƙofar Marke, amarya kuwa haya ya kama mata a Mabera wata 14 kafin hatsarin, yana raba musu kwana bibbiyu. Karatun allo ya yi. Ajami yana karanta shi sarai, boko kuwa iyakarsa sa hannu.

Kamfanin yana da rajista da Asusun Inshorar Ma'aikata na Najeriya, wanda aka fi sani da NSITF, amma ko ɗaya daga cikin leburorin bai san da haka ba. Asusun shi ke gudanar da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A ƙarƙashinta duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, an kuma haramta masa cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya kamu da cutar da aiki ya jawo, ko iyalan wanda ya rasu, ba tare da an tsaya neman mai laifi ba. Dokar ta haɗa da ɗan wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Sojoji kuwa ba ta shafe su ba. Shi wannan kamfani ya yi rajista ne don takardar shaidar biyan kuɗin tana cikin abin da ake nema wajen neman kwangilar gwamnatin tarayya.

Ranar hatsarin da mako biyu na farko

Wata Talata ce a watan Janairu, wajen ƙarfe 6:40 na safe, hazon hunturu ya rufe gari. Ya fito daga gidan amarya ya hau kabu-kabu zuwa wurin aiki, wata a-kori-kura ta kwashe su a wata mahaɗa da ke fita daga Mabera. Ɗan kabu-kabun ya tsira da ƙujewa. Shi kuwa ƙashin cinyarsa ta dama ya karye, can ƙasa dab da gwiwa. Jami'an kiyaye haɗurra ne suka ɗauke shi, suka rubuta wuri da lokaci a littafinsu, suka miƙa shi sashen gaggawa na wani asibiti. Aka yanka masa kati, aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe.

Kuɗin da aka lissafa wa dangi ya haura albashinsa na wata 6. Ga kuma tsoron nan da ya daɗe a zukatan mutane, wai wanda ya kai karaya asibiti da ƙafa ɗaya yake fitowa. Yayansa, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke magana. Washegari da la'asar suka sa hannu a takardar cewa sun ɗauke shi ba da yardar likita ba, suka nufi gidan wani maɗori a wani ƙauye ta wajen Kware.

Tun daga ranar Talatar wa'adi biyu suka fara ƙirga, ba wanda ya san da su. Doka ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa abin da ya faru, a ina, yaushe, da irin raunin. Shi kuma kamfani kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga asusun. Ba a yi ko ɗaya a rubuce ba. Abin da aka saba aka yi: heluma, wato shugaban leburori, ya zo dubiya da leburori biyu tun yana gadon asibiti, ya koma ya rubuta "hatsari" a gaban sunansa a littafin halarta. Manaja ya aiko da naira 20,000, kashiya ya rubuta a bauca cewa gudummawar hatsari ce. Katin asibiti da hoton ƙashin kuwa, uwargida ta naɗe su a leda ta sa ƙasan akwati.

Mako 11 a gidan ɗori

Aka ja ƙafar, aka shafa man shanu, aka jera karare aka ɗaure da tsumma daga ƙugu har ƙauri, ana tofi safe da yamma. Ba banza mutane ke zuwa wurin maɗora ba. Suna kusa, suna karɓar abin da ya sawwaƙa, ba su korar ɗan jinya, kuma targaɗe ko tsagewar ƙashin da bai goce ba sukan warke a hannunsu. Cinya ce dai daban. Naman da ke kewaye da ƙashinta yana da ƙarfin gaske, da zarar ƙashin ya rabu sai ya janyo ɓangarorin su hau juna. Kara da tsumma ba sa iya riƙe su, hannu kuma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin kumburi. Da aka kwance a mako na 11, ƙashin ya kama amma a karkace, ƙafar ta gajarta, gwiwar da aka ɗaure a miƙe ta ƙi lanƙwasuwa.

An kashe kuɗi da hatsi da ɗan akuya guda, ba rasit ko ɗaya. Kamfani ya biya albashin wata 2, ya tsaya.

Wata na 4 zuwa na 7: komawa asibiti, da hanyoyin da ba su ɓulle ba

Ya koma asibitin da ya baro. A wata na 5 aka sake karya ƙashin, aka daidaita shi, aka ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. Sai da aka jinginar da gonar fadama ta gado kafin kuɗin ya haɗu. Daga wata na 6 ya fara zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, yana dogara sanduna biyu.

Dangi suka bazama neman taimako. Suka karɓi takardar mai unguwa don neman alawus ɗin nakasassu na jiha, wanda aka sani tun zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, lokacin ana ba da naira 6,500 a wata. Suka kuma rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi. Waɗannan tallafi ne, abin da suke dubawa halin rashin da mutum yake ciki, ba ruwansu da albashinsa ko inda ya ji rauni. A zaton dangi duk abu guda ne, kuɗin gwamnati, don haka ba su yi tunanin akwai wani haƙƙi na daban da aka riga aka biya masa ba. Neman direban a-kori-kurar ma ya cinye makonni. An same shi, mota ba tasa ba, ba shi da ko sisi, dattawa suka shiga aka ce a bar wa Allah.

A wata na 6 manaja ya kira shi ofis, ya ajiye masa naira 150,000 da takarda a sa hannu. Yayansa na gefe yana cewa a karɓa. Shi kuwa ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni in kai a karanta mani." Ɗan yayan nasa, ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ya karanta ya ce, "Baffa, in ka sa hannu, ka yarda ba ka bin su komi har abada." Bai sa ba. Ko da ya sa ma, doka ta rushe duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe wa ubangidansa haƙƙin diyya. Sai dai wanda bai san haka ba, in ya sa hannu, shi da kansa yake rufe maganar.

Akantan kamfanin, wanda shi ke tura kashi 1 ɗin duk wata, shi ya tare yaron a bakin ƙofa ya faɗa masa sunan asusun.

Wata na 8: shigar da buƙata

Wa'adin neman diyya shekara 1 ne daga ranar raunin. Idan akwai uzuri mai ƙarfi, hukumar asusun tana iya karɓa har zuwa shekara 3. Saura wata 4 ke nan. Kamfani ya cika fom ɗin sanarwa da ƙyar da jiɓin goshi, shi ya cika fom ɗin nema, likita ya ba da rahoto. Aka haɗa da rasit-rasit na asibiti da lambar asusun banki aka miƙa a ofishin asusun na jiha, daga nan fayil ke kama hanyar hedikwata a Abuja.

Mai tantancewa bai san mutumin ba, kuma yawancin waɗanda fayil ke bi ta hannunsu ba za su taɓa ganin ƙafar ba. Tambayoyinsu hawa-hawa ne, ba a zuwa ta gaba sai an gama da ta baya. Shin ma'aikacin wannan kamfani ne a ranar? Idan haka ne, raunin daga aiki ya taso, ko a cikin aiki ya faru? Daga nan a zo ga jiki: nakasar da ake gani yau, wannan hatsarin ne ya haife ta, ko da ma akwai ta? Tambayar tana da nauyi, don doka ta ce idan rauni ya hau kan tsohuwar nakasa, bambancin da ke tsakanin halin da da na yanzu kawai ake biya. Sai bayan duk wannan ake maganar awo: nakasar ta wucin gadi ce ko ta dindindin, ta hana nema ɗungurungum ko ta rage shi ne, kuma kashi nawa cikin 100 na wane albashi.

Jami'i ya je kamfanin, ya duba littafin halarta da jerin albashi, ya yi magana da heluma. Tambaya ta farko ta wuce lafiya.

Wata na 10: amsa ta farko

Wasiƙar da ta zo ba ta amince da buƙatar ba, kuma dalilin da ta dogara a kai shi ne wurin hatsarin. Doka ta yarda da hatsarin hanya, wato wanda ya faru tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci, na farko ko na biyu, ko inda ya saba cin abinci, ko inda yake karɓar albashi, da sharaɗin cewa ubangidansa ya san da wurin tun kafin. Adireshin da ke fayil ɗinsa na kamfani, wanda aka rubuta shekara 9 baya, Ƙofar Marke ne. Rahoton jami'an hanya ya ce Mabera. Duk wanda ya san Sakkwato ya san mai fitowa daga Ƙofar Marke zuwa yammacin gari ba abin da zai kai shi Mabera. A kan takarda, mutum ne da ya karye a unguwar da ba ta gidansa ba, ba ta wurin aikinsa ba, a garin da hatsarin babur ba baƙo ba ne.

Wasiƙar ta nuna wasu giɓi kuma. Rahoton likita layi uku ne: karaya, an yi aiki, yana samun sauƙi. Ba awo, ba a ce ko nakasar za ta dawwama ba, kuma kwanan watan da ya ambata na wata na 4 ne, ranar da ya dawo asibiti, sai ka ce a ranar ya karye. Shi ma majinyacin yana da nasa kason a nan. Duk likitan da ya tambaye shi jiki, amsarsa "Alhamdu lillahi, da sauƙi," haka kuwa ake rubutawa. Sai albashi: kamfani ya sa naira 55,000 a fom, gundarin albashi kawai, shi ya sa 80,000.

A majalisa fassarar guda ce, ba su da kowa a sama. Yayansa ya ce da an karɓi na manaja da yanzu an wuce wurin.

Wata na 11 da na 12: neman a sake dubawa

Doka ta ba wanda bai gamsu ba kwana 180 ya nemi hukumar ta sake duba hukuncinta, ita ma kwana 180 gare ta ta ba da amsa. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato. Ba su ɗauki lauya ba. Yaron ne ya zauna da wasiƙar, ya bi ta layi-layi, kowane giɓi ya fita neman abin da zai cike shi.

Nuna cewa yana da gida a Mabera bai yi wuya ba. Ga rasit ɗin haya, ga takardar mai unguwa, ga shaidar ɗaurin aure daga liman. Shaidar cewa can ya kwana a daren ta fito ta inda ba a zata ba: uwargida da kanta ta je kotu ta yi takardar rantsuwa cewa daren ba girkinta ba ne. Lokaci ma ya yi daidai, 6:40 a kan hanya ga mai kama aiki ƙarfe 7:00. Abin da ya rage shi ne sharaɗin nan, cewa kamfani ya san da gidan tun kafin. Kowa a kamfanin ya sani. Heluma ya ci tuwon bikin, manaja ya aiko da gudummawa. Amma mai tantancewa bai halarci bikin ba, kuma manaja, da ya ga maganar tana ƙara tsawo, ya fara cewa bai tuna ba.

Mutumin ne da kansa ya tuna bashin da ya ci lokacin auren. Ya sa an rubuta masa takardar neman a ba shi albashin wata 1 kafin lokaci, "don biyan hayar gidan iyalina a Mabera." Akanta ya tono ta a fayil ɗin basussuka. Ga sa hannun manaja a kusurwa, ga kwanan wata, wata 14 kafin hatsarin.

Maganar rashin sanarwa cikin kwana 14 ma ta warware ta irin wannan hanya. Rashin sanarwa yana iya toshe buƙata, sai fa idan hukumar ta gamsu cewa ubangida ko wakilinsa ya san da abin. Rubutun heluma a littafin halarta da baucar kashiya sun wadatar. Albashi kuwa, bayanin banki na wata 12 ya nuna abin da ke shiga, kuma doka ta lissafa alawus na haya da mota da abinci cikin abin da ake kira albashi. Wannan bai yi wa kamfani daɗi ba, don ya tona cewa a kan ƙaramin adadin yake lissafa kashi 1 ɗinsa. Tsakaninsa da asusun ne.

Sai leda ta fito daga ƙasan akwati. Hoton farko yana ɗauke da sunansa da kwanan watan Talatar a jikinsa. Likitan ƙashi ya jera shi da na wata na 4 da na bayan aiki, ya rubuta sabon rahoto mai shafi 2: karaya guda ce, a wuri guda, tun ranar hatsarin. Wasu sun ba da shawarar kada a ambaci gidan ɗori, likita bai bi ta kansu ba. Ya rubuta mako 11 ɗin, ya kuma rubuta cewa karayar da ke dab da gwiwa takan bar sandarewa ko da an yi aiki da wuri, gajartar ƙafar kuwa jinkiri ne ya fi jawo ta. Don nuna ba ya ɗingishi kafin nan, aka haɗa da takardar gwajin lafiya ta ranar ɗaukar sa aiki. A ƙarshen wata na 12 aka miƙa komai.

Wata na 14: ranar awo

Ba a yanke adadin nakasa ta dindindin sai magani ya kai iyakarsa. A wata na 8 yana kan sanduna biyu, gwiwar tana ƙara saki kowane mako, duk adadin da aka sa a lokacin zai tsufa kafin fayil ya kai Abuja. A wata na 14 hoto ya nuna ƙashi ya haɗe, mai gashin ƙashi ta rubuta cewa wata 3 ke nan gwiwar ba ta ƙara komai ba. Aka sa masa rana.

'Yan majalisa sun ce a ɗauko shi ranga-ranga, ya yi ta nishi, kada ya yarda ya taka. Mai gashin ƙashin kuwa cewa ta yi, "Malam, ka yi abin da ka iya, ka tsaya inda ya gagara. Kuma yau ban da 'da sauƙi'."

Likita ya kwantar da shi, ya ja tef daga tsinin ƙashin ƙugu zuwa idon sawu na ciki. Dama ta gaza hagu da santimita 3. Ya ɗora ma'aunin kusurwa a gwiwa: hagu tana lanƙwasuwa digiri 135, dama ta tsaya a 80. Hawa da saukar matakala suna neman wajen digiri 90, tsuguno kuwa ya haura 120. Ya auna kaurin cinyoyin a tazara guda daga ƙoƙon gwiwa, dama ta rame da santimita 4. Ƙarfin naman, a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi daga 0 zuwa 5, ya ba shi 4. Ya sa shi ya yi tafiya, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya gwada tsuguno, ya hau matakala.

Akwai wani awon da ba a faɗa wa majinyaci. An maimaita na gwiwar sau uku, a kwance da a zaune, don a ga ko adadin zai sauya. Likita yana kallon yadda ya shigo, yadda ya zauna, yadda ya cire takalmi, har da gefen da takalmin ya fi ci. Ramar cinya ba a ƙirƙirar ta da safe. Wanda ke taka ƙafarsa daidai cinyarsa ba ta ramewa, wanda kuma ya ce ba ya taka ta sam, alhali tafin ƙafar ya yi kanta, jikinsa ya ƙaryata shi. Abin da ya faɗa da abin da aka auna sun zo daidai, likita ya rubuta haka.

Aka tambaye shi aikinsa. "Lebura" kawai ba ya gaya wa mai tantancewa komai, don haka yaron da heluma sun riga sun rubuta shi dalla-dalla: a tsuguna a saɓi kilo 50, a yi tafiya da shi daga sito, a hau katako mai gangara, a sauke, a dawo, tun safe har la'asar. Gwiwa mai digiri 80 ba ta hana akawu zama a kujera, amma wannan aikin ta gama da shi. Jadawali na biyu na dokar ya jera gaɓoɓi da kasonsu. Rasa hannu biyu, ko gani gaba ɗaya, ko shanyewar jiki duka, kashi 100 ne, sauran suna bi ƙasa gwargwadon gaɓar. Ƙafar da tana nan amma ta rasa wani ɓangaren amfaninta, da awo ake gane inda ta faɗa. Ya gaya musu a kujera yake salla yanzu, kuma ba ya iya amfani da masai na tsuguno. An rubuta, amma lissafin diyya ƙarfin nema yake bi.

Wata na 16 zuwa na 18: hukunci da biya

A wata na 16 hukumar ta amince. Nakasa ta dindindin ta wani ɓangare, kashi 25 cikin 100, a kan albashin naira 80,000. Wanda ya nakasa gaba ɗaya doka ta ba shi kashi 90 na albashinsa duk wata. Na wani ɓangare kuwa, kashi 90 na asarar da aka ƙiyasta. Kashi 25 na 80,000 ya kama 20,000, kashi 90 na wannan kuma 18,000. Alat na farko ya shigo a wata na 18, haɗe da ariyas. An mayar da kuɗin asibitin da ke da rasit, da shi aka fanso gonar. Magungunan da aka saya a kemis ba takarda, da duk abin da aka kashe a gidan ɗori, sun tafi ke nan.

Kamfani ya mayar da shi bakin sikeli, yana ƙirga buhu da motoci, a kan naira 58,000. Ya ajiye sanda ɗaya, an ƙara wa takalmin dama tudu.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A ganina amsar farko ba zalunci ba ce. Da abin da ke gaban mai tantancewa a wata na 10, adireshi a Ƙofar Marke, hatsari a Mabera, rahoton likita mai kwanan watan da ya saɓa, albashi iri biyu, duk mai tsoron Allah da aka ba amanar kuɗin ma'aikata zai dakata. Ba a yi kamun ƙafa ba tsakanin amsa ta farko da ta biyu. Ƙafar ma ba ta ƙara lalacewa ba, sauƙi ta samu. Fayil ɗin ne ya sauya.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka samu shaidar. Takardar bashi, littafin heluma, baucar kashiya, hoton da ke ƙasan akwati, ba ko ɗaya da aka ajiye don neman diyya. Da wurin aboki ya ranci kuɗin hayar, da babu sa hannun manaja, da mai yiwuwa maganar ta tsaya a wata na 10 ko ta ƙare a kotu. Dokar ta yi tanadin gida na biyu, wannan abin yabo ne a ƙasar da mai mata biyu a unguwa biyu ba abin mamaki ba ne. Amma fom ɗin kamfani layin adireshi ɗaya gare shi, an cika shi sau ɗaya shekara 9 baya, ba wanda ya gaya wa lebura cewa in ya ƙara aure ya zo a gyara.

Faɗin gaskiya game da gidan ɗori ya taimaka fiye da yadda dangi suka zata. Mako 11 da ba bayani ya fi mako 11 na ɗori tayar da zargi, don mai tantancewa zai tambayi ko wani hatsarin ne ya faru a tsakani. Tayin manaja kuwa, 150,000 bai kai abin da yake karɓa yanzu a wata 9 ba.

Laifi mafi girma yana wuyan kamfanin, kuma a kwana 7 na farko aka yi shi. Tsoron kuɗin aiki ne ya fitar da mutumin daga asibiti, alhali kula da lafiyar wanda ya ji rauni yana cikin abin da kamfanin ke biyan kashi 1 dominsa. Da an kai rahoto a makon, an kuma gaya wa dangi akwai asusun da ke ɗaukar jinya, da wuya yayansa ya sa hannu a takardar ɗauke shi. Santimita 3 ɗin nan daga nan suka tafi, kuma 18,000 a wata ba ya dawo da su. Ko a lissafin kuɗi ma bai koma inda yake ba: 58,000 da 18,000 sun kama 76,000.

Akwai saura. Ga wanda ya ji rauni kafin ya kai 55, doka ta ce a biya shi har ya cika 55, ko har ranar da hukumar ta gamsu zai yi ritaya idan ta wuce haka. Kamfanin ba shi da rubutaccen shekarun ritaya ga leburori, mutum yana ɗaukar buhu ne har ranar da baya ya ƙi. Yaron ya rubuta wa manaja yana neman a fitar da shekarun a takarda a sa a fayil ɗin baffansa, akanta ya karɓi kwafi ya buga hatimi. Wata 2 ke nan ana jiran amsa.